Mawaƙan fim: A bar wanki, a koma rini

Mai karatu, wannan watan ka yi mani afuwa, ban kawo maka sharhin sabon fim ba. Rigima na zo da ita, kuma da mutane kashi biyu zan yi ta. Kashi na farko su ne makaɗan finafinan mu da furodusoshin da ke ba su aiki. Kashi na biyu kuma dattawan mu ne masu zagin su a rediyo da jarida. Sama da shekara 20 kenan su na cacar baki kan magana ɗaya, wato kwaikwayon waƙoƙin Indiya, kuma a gani na dukkan su sun saki reshe sun kama ganye. Kafin in faɗi dalili na, bari in ba ka labarin abin da ya tsokano ni.

Da kakar da ta wuce na je gida Kangire, a ƙasar Birnin Kudu, bikin ɗan baffa na. Bayan la'asar aka kafa rumfa, mai kayan sauti ya iso da janareta da manyan lasifiku biyu, ya jona wayar sa, waƙoƙin fim su ka kama tashi, 'yan mata na ta cashewa. Can gefe, jikin danga, wani dattijo na zaune da gurmi a cinya. Babu wanda ya gayyace shi. Ya dai saba zuwa ne tun zamanin da ba a biki a unguwar sai da shi. Ana tsakiyar wata waƙa sai man janareta ya ƙare, wuri ya yi tsit. Kafin yaron da aka aika ya dawo da mai, sai dattijon nan ya gyara zama, ya taɓa 'yan tsirkiyoyin sa, ya kama karin waƙar da aka katse daidai inda ta tsaya.

Da farko ya kaɗa ta yadda ta ke, yara su ka kwashe da dariya su na tafi. Daga nan sai ya rage mata gudu. Ya riƙe tsirkiya ɗaya ta na ta gurnani a ƙasa, ya na yawo da karin a sama, ya yanke shi, ya jira, ya dawo da shi ta wata ƙofar, har ya karkatar da wutsiyar sa ta koma irin taken da ake wa manoma ran gayya. Dariya ta tsaya. Ni na san fim ɗin Indiyan da aka kwaso waƙar daga ciki, amma wallahi a cikin minti 10 ɗin nan ta tashi daga 'yar Bombay ta koma 'yar ƙasar Birnin Kudu. Sai janareta ya tashi, lasifika ta danne shi. Wata tsohuwa ta jefa masa 'yan canji, ya saɓa gurmin sa ya tafi.

To ka ji. Mutum biyu su ka ari waƙa ɗaya: yaron sutudiyo da ya kwafo ta, da dattijon da ya ji ta a yammacin nan. Dukkan su aro su ka yi, amma aikin su bai zama ɗaya ba. 'Yan industiri da kan su su ka raɗa wa kwafar fim ɗin Indiya suna "wanki", kuma sunan ya dace. Me wanki ke yi? Ya karɓi rigar mutum, ya jiƙa, ya dirje, ya mayar da ita yadda ta ke, sai dai ta ɗan koɗe. Abin da dattijon ya yi shi ne rini. Marini a Ƙofar Mata ba ya tambayar inda aka saƙa farin ƙyalle. Ya tsoma shi a baba, ya tsamo, ya sha iska, ya sake tsomawa, har ya fito da launin da kowa ya gani zai ce wannan aikin Kano ne. Cutar kiɗan finafinan mu ita ce mun cika masu wanki, marina kuma sun bushe.

Bari in fara da dattawa, tunda su ne manya. Ranku ya daɗe, kullum maganar ku ita ce yaran fim sun ɓata al'ada saboda sun ari kiɗan baƙi. Don Allah yaushe Bahaushe ya daina aro? Shaddar da ku ke ɗinka babbar riga da ita ku hau mumbarin kare al'ada, mai tsadar cikin ta a Ostiriya ake saƙa ta. Aikin allura da aka yi mata a Zariya ko Kano shi ya mai da ita tamu. A fagen kiɗa ma haka. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bibiyi yadda tun a shekarun 1960 Abdu Yaron Goge a Jos ya ɗauki karin wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati ya ɗora ta kan goge. A Kano kuma an yi ƙungiyar masu bandiri mai suna Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗora begen Manzon Allah (SAW) kan karin waƙoƙin Indiya. Duk wannan ya faru kafin yawancin yaran da ku ke zagi su san inda sutudiyo ya ke.

Su Indiyawan ma da ake cewa mu na yi wa sata, ai gwanayen aro ne. Ka tuna waƙar "Jumma Chumma" ta fim ɗin Hum na 1991, wadda Amita ya yi rawar ta, da "Tamma Tamma" ta fim ɗin Thanedaar na 1990? Dukkan su daga kiɗan Mory Kante aka samo su, makaɗin kora ɗan ƙasar Gini, wanda ya fitar da faifan Akwaba Beach a 1987. Wato kiɗa ya tashi daga Afrika ta Yamma, ya je Bombay ya sa sari, ya dawo mana a kaset, mu na kallon sa a matsayin baƙo. Haka Carlos Santana ya ɗauki kiɗan ɗan Nijeriya Babatunde Olatunji na faifan Drums of Passion, ya fitar da shi da sunan "Jingo" a 1969. Kiɗa fatake ne, ba ya zama gari ɗaya. Wanda duk ya ce zai kafa masa shinge a Kwanar Dangora ya na ɓata lokacin sa ne.

Na san yanzu 'yan sutudiyo sun fara murmushi, su na cewa yau mun samu lauya. Ku dakata, ban zo kan ku ba tukuna. Kafin in zo, zan gabatar maku da wani mutum da na ke so ku auna kan ku da shi.

Sunan sa Gabor Szabo, makaɗin jita ne ɗan ƙasar Hangare. An haife shi a birnin Budapest a 1936. Da sojojin Tarayyar Sobiyet su ka murƙushe boren ƙasar a 1956 sai ya tsere ya nufi Amurka, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston, sannan ya shiga ƙungiyar makaɗin ganga Chico Hamilton a 1961. Kiɗan jaz ya ke yi, wato kiɗan nan da baƙaƙen fatar Amurka su ka ƙirƙiro, wanda ginshiƙin sa shi ne makaɗi ya ɗauki kari sananne ya riƙa sarrafa shi nan take, yadda zuciyar sa ta ba shi. Ka ga kenan da dattijon Kangire da mutanen jaz sana'ar su ɗaya, ko da ba su san juna ba.

Abin da ya sa na zaɓi Szabo shi ne babu marar kunya wajen aro kamar sa. A faifan sa Gypsy '66 ya kaɗa waƙoƙin Beatles, har da "Yesterday". A Spellbinder na 1966 ya ɗauki "Bang Bang", waƙar Cher da ke tashe a rediyo a lokacin, ya haɗa da masu gangunan Latin Amurka. A Jazz Raga kuma ya rungumi sitar, molon nan na Indiya mai tsirkiyoyi da yawa, ya kaɗa "Paint It Black" ta Rolling Stones. Ka duba fa: mutumin Turai, a Amurka, da waƙar Ingila, da kayan kiɗan Indiya. Da a Kano ya ke da tuni an kira taron manema labarai a kan sa. Can ma bai tsira ba, domin masu ra'ayin riƙau na jaz sun sha yi wa irin wannan aiki kallon neman kasuwa.

Amma ka saurare shi da kan ka, ai gani ya kori ji, ga intanet nan a wayar ka. Zai fara kaɗa maka karin a fili, yadda za ka gane waƙar. Sai ya saki tsirkiya ɗaya ta na ta amo a ƙasa ba ta canzawa, ya na maimaita 'yar gajeruwar jimla a kai har ta fara juya maka kai. Wannan hajijiyar ita ce Turawan shekarun 1960 ke kira saikedelik. Sannan ya shigo da lanƙwasa irin ta kiɗan gargajiyar Hangare da ya tashi da ita a kunne. Har kukan nan da lasifika ke yi idan an kusanto da makirufo, wanda ke sa mu toshe kunne a wajen biki, Szabo ya horar da shi ya mai da shi murya, ya na jan sa yadda ya ga dama. Ba na ce duk abin da ya yi ya yi kyau ba. A kunne na hannun sa a sitar hannun ɗan koyo ne, wasu faya-fayan sa na baya kuma sun yi ruwa. Sai dai ko waƙar wa ya ara, daƙiƙa kaɗan sun isa ka ce wannan hannun Szabo ne.

Shi ya sa shi ma aka are shi. A 1970 Santana ya ɗauki kiɗan sa mai suna "Gypsy Queen" ya liƙa a wutsiyar "Black Magic Woman" cikin faifan Abraxas, duniya ta ɗauka. Kuma ga abin lura: a jikin faya-fayan nan ana rubuta sunan mai asalin waƙa. Szabo bai ɓoye cewa waƙar Beatles ya kaɗa ba, Santana bai ɓoye sunan Szabo ba. Mai rini ba ya jin kunyar a san inda ya sayo ƙyalle, domin ya san launin nasa ne. Mai wanki ne ke ɓoye-ɓoye. Szabo ya rasu a Budapest a 1982 ya na da shekara 45, amma har gobe matasan makaɗa na tono faya-fayan sa.

To 'yan sutudiyo, yanzu na zo kan ku. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau industiri ya yi nisa. Daga ƙarshen shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha, samfurin PSR, ta mamaye sutudiyoyin Kano, kuma bayan tashen Sangaya a 1999 aka wayi gari fim ba ya sayuwa sai da waƙa. Ba na raina wannan tarihi. Yaran da ba su je makarantar kiɗa ba, babu tallafin kowa, su ka gina sana'ar da ta ciyar da dubban mutane, har aka samu salon da ake kira nanaye. Wannan abin a yaba ne. Tambaya ta ita ce: bayan shekara 25, me aka ƙara a kai?

Ka shiga sutudiyo ka gani. Mawaƙi zai zo da waƙar Indiya ko ta Larabawa a waya, ya ce "irin wannan na ke so". Makaɗi ya danna maɓallin da ke sakin gangar da aka riga aka ɗura a masana'anta, ya bi karin da yatsa, a ɗora murya, a wuce da ita ta na'urar ototun har namiji da mace su koma kuka iri ɗaya kamar sauro. Kafin la'asar an gama uku. Yau kwamfuta ta karɓi aikin fiyano a wurare da yawa, amma halin bai canza ba. Ganga ba ta gajiya, ba ta jinkiri, ba ta numfashi, saboda babu hannun mutum a kan ta. Jarumi na kukan rabuwa, kiɗan na tsalle. Jaruma na murnar aure, kiɗan dai shi ne. A matsayi na na mai sharhin fim wannan ya fi komai ci mani rai, domin kiɗa a fim aikin sa ya faɗi abin da baki ya kasa faɗa. Namu kuwa cika wuri kawai ya ke yi. Abin dariya ma, mu na da shahararren mawaƙi da ake wa laƙabi da Jita, amma sunan jita ya fi sautin ta yawo a industiri.

Kada wani ya ce ai na tsani fiyano ne. Ko kusa. Ka nemi kiɗan Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, wanda ya naɗi kaset ɗin sa a 1978 da ogan ta lantarki, ya na sarrafa karin gargajiyar ƙasar sa a kai. Shekara da shekaru gidajen rediyo da talbijin na Nijar na amfani da kiɗan sa a tsakanin shirye-shirye, kuma da aka sake fitar da shi a 2013 sai ga Turawa na rububin sa. Na'ura ce a gaban sa kamar ta gaban ku. Bambancin shi ne shi ya na da abin da ya ke so ya faɗa da ita.

Ga kuma labarin da ya kamata ya hana mu barci. A 2008 wani saurayi Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi faifan sa na farko mai suna Anar. Yaro ne da ya haɗa jitar sa ta farko da hannun sa, da wayar birkin keke, saboda gidan su ba sa son kiɗa. Me ya kawo shi Sakkwato? Salon mu. Ya ari gangar na'ura da ototun irin na waƙoƙin finafinan Hausa, ya ɗora jitar sa da harshen sa na Tamashek a kai. Waƙoƙin su ka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones, ya kuma bi sawun mai ita har ya same shi.

A 2015 su ka fitar da fim a Agadas mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙi Prince na 1984. Da yaren industiri sai mu ce wanki ne. Amma ka kalle shi: rawani, babur, rairayi, gasar makaɗan jita a gidajen biki, uba mai ganin kiɗa aikin banza ne. Ƙashin labarin na Amurka ne, naman kuwa na Agadas. Daga nan Mdou Moctar ya ƙara wa jitar sa wuta da hajijiya, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, ya zagaya Turai da Amurka. Mutumin da ya zo aro gidan mu kenan. Shi ya rina abin da ya ara, mu masu kayan mu na nan mu na wanki. Kamfanin nan na Sahel Sounds ma ya tattara waƙoƙin finafinan mu ya fitar a faifai mai suna Harafin So a 2013. Duniya ta leƙo, ta ji, ta ce abin da ban sha'awa. Me mu ka ba ta bayan nan?

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a bakin furodusoshi. Ta farko: "Malam, abin da 'yan kallo ke so kenan." Haba! Yaushe aka ba su wani abu su ka ƙi? Wanda bai taɓa cin komai ba sai gaya, ba ka ce ba ya son miya ba. Yaran Kangire da su ka yi shiru su na sauraren gurmi ai su ne 'yan kallon. Kuma kasuwar ma ta juya wa wanki baya. Tun da aka fara fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin na su Algaita, ɗan kallo na samun Indiyan gangariya da harshen sa. Me zai yi da jabu? Kayan aro dama ba ya rufe katara, balle yanzu da mai kayan ya shigo gari da kan sa.

Ta biyu: "Babu kuɗi." Wannan ma ban karɓa ba. Furodusan da zai kama otal, ya yi hayar motoci, ya canza wa jaruma kaya kala bakwai a waƙa ɗaya, shi ne zai ce ba shi da kuɗin motar mai gurmi daga Jigawa zuwa Kano? Birnin Kudu na kan titin Kano zuwa Maiduguri, tafiyar safe ce a dawo da yamma. Makirufo ɗaya mai kyau da ɗaki marar hayaniya sun isa a naɗi gurmi ko kukuma. Abin da babu shi ne haƙuri. Mai gurmi ba maɓalli ba ne. Sai an zauna da shi, an nuna masa fim ɗin, an bar shi ya gwada, ya ɓata, ya sake. Wannan zaman ne ake gudu.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba a cika faɗin ta a fili ba: wai goge da garaya da kukuma kayan bori ne da gidan magajiya, ɗan mutunci ba ya raɓar su. Hukuncin kiɗa a addini na bar wa malamai, su ne masu fagen. Ni abin da na ke tambaya shi ne na hankali. Fiyanon da ke sutudiyo cike ta ke da muryoyin kayan tsirkiya da na busa, kuma ana danna su kullum. Ta yaya sautin tsirkiya zai zama abin ƙyama idan talaka ya fitar da shi daga ƙwarya da fata, amma ya zama wayewa idan ya fito daga akwatin Japan? In gaskiya za mu faɗa, wannan raini ne irin wanda mu ka daɗe mu na yi wa makaɗi, mu kira shi maroƙi, mu ji daɗin sa da dare, mu hana shi auren 'yar mu da safe.

Wannan rainin kuwa ya na cin mu. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya zagaya duniya, ya rasu a 2015. Ina magajin sa? Haruna Uji na Haɗeja, a nan Jigawa tamu, ya nuna abin da gurmi zai iya yi da waƙar soyayya tun kafin a san nanaye. Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka sun yi zamani da kukuma. Yau yaro nawa ka sani da ke koyon ɗaya daga cikin waɗannan? Maƙwabtan mu kuwa ba su yi wannan sakaci ba. Ali Farka Toure na Mali ya kwashe karin molo da gogen ƙasar su ya zuba a jita, faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994, Talking Timbuktu, ya ci kyautar Grammy. Ƙungiyar Tinariwen ta ci tata a 2012. Su sun ɗauki kayan Bature su ka koya masa yaren gida. Mu kuma mun bar kayan Bature ya na koya mana yaren masana'anta.

Abin takaicin, ƙasar da na fito ba baƙuwar kiɗa ba ce. A duwatsun Birnin Kudu, inda zanen shanun nan na mutanen da ya ke a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai duwatsu masu amo da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kan su a 1956. Mutanen da su ka iya fitar da kiɗa daga dutse, jikokin su ne yau ba sa iya biki idan man janareta ya ƙare, daga Birnin Kudu har Gwaram.

Saboda haka ga buƙatu na, kuma ba su da yawa. Furodusa, a fim ɗin ka na gaba ka ware fitowa ɗaya tak, wadda ta fi kowace nauyi, ka ce ba za a sa mata kiɗan na'ura ba. Ka nemo mai gurmi, ko mai kukuma, ko yaro mai jita, ka biya shi kuɗin aiki kamar yadda ka ke biyan mai ɗaukar hoto, ka rubuta sunan sa a jerin ma'aikata. Makaɗin sutudiyo, ka ci gaba da aro, ari daga Indiya, ari daga Masar, ari daga Mali, amma kafin ka saki waƙa ka tambayi kan ka: in an cire muryar mawaƙi, akwai wanda zai gane hannu na ne? In kuma ka ɗauki karin wani, ka faɗi mai shi. Masu shirya bikin ba da kyaututtuka, ku ware kyauta ta kiɗan cikin fim daban da ta waƙa, domin ba abu ɗaya ba ne. Dattawa kuma, maimakon taron la'antar Indiya, ku haɗa kuɗi ku ɗauki nauyin yara biyar su zauna gaban tsohon makaɗi su koya. Zagi bai taɓa ɗaure tsirkiya ba.

Kai ma mai karatu ba ka tsira ba, ni ma haka. Laifi tudu ne. Ranar bikin nan ina zaune a kan kujera, waya ta na aljihu, ban tashi na naɗi dattijon ba, ban bi shi na tambayi inda ya koyi sana'ar sa ba. Na ji daɗi na yi shiru, kamar kowa. In Allah Ya kai mu ƙaramar Sallah zan koma Kangire da na'urar naɗar sauti, in ya yarda in zauna da shi yini guda. Duk furodusan da ke son ji, ya neme ni ta hannun Edita. Wanda kuma ya ga na yi kuskure, shafin wasiƙu a buɗe ya ke, sai dai don Allah kafin ka ɗauki biro ka saurari Spellbinder sau ɗaya, ka saurari Haruna Uji sau ɗaya, sannan ka kunna waƙar fim ɗin da ta fito makon jiya.

Allah Ya sa gyara kayan ka bai zama sauke mu raba ba. Sai wata mai zuwa, in mai duka Ya kai mu.